Kalmar "to" mai fuska biyu: fashin baƙi kan aikatau mai jela a Turanci

Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da duba wasiƙun neman aiki ko saƙonnin imel na ofis ya san jimlar da ake yawan rufewa da ita: *I look forward to hear from you.* Ba 'yan sakandare kaɗai ke rubuta ta haka ba, har da masu digiri da manyan ma'aikata. Kuskure ce. Daidai ɗin shi ne *I look forward to hearing from you.* Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, tun daga firamare an cusa musu cewa bayan *to* sai aikatau tsura, ba ɗori ba ƙari: *to go, to eat, to write.* To daga ina *hearing* ta ɓullo?

Amsar ita ce *to* ɗin ba ɗaya ba ce. Kalmomi biyu ne da suka yi kama kamar an tsaga kara, amma aikinsu ya sha bamban, kuma inda suka fi rikita mai koyo shi ne bayan irin aikataun nan da Turawa ke kira *phrasal verb*. A nan za mu kira shi aikatau mai jela, domin abin da yake ke nan: aikatau ne da ke jan wata 'yar kalma a bayansa, irin su *up, off, out, on, in, after, to*, jelar kuma takan juya ma'anarsa gaba ɗaya.

Bai kamata Bahaushe ya ga baƙon abu a nan ba. Ɗauki kalmar *ci*. Wanda ya ci tuwo ya sa abu a baki, amma wanda ya ci amana, ko ya ci bashi, ko ya ci sarauta, ko ya ci jarrabawa, babu abin da ya tauna. Haka *sha*: a sha ruwa, a sha kashi, a sha alwashi, a sha kunu ba tare da an ga ko ludayi ba. Baƙon da ya haddace *ci* ita kaɗai bai san *ci mutunci* ba. Bambancin kawai shi ne mu suna muke liƙa wa aikatau, Turanci kuwa 'yan kalmomin da asalinsu na nuna wuri ko alkibla ne yake liƙawa. *Put* ajiyewa ce, *put off* ɗage lokaci, *put out* kashe wuta, *put up with* haƙuri da abin da ba a so. Wahalar ba ta yau ba ce: tun a 1755 Samuel Johnson ya ambata a gabatarwar ƙamusunsa cewa wannan nau'in haɗin ne ya fi ba baƙin harshen wuya. Sunan *phrasal verb* kuwa sai a 1925 ya bazu, ta hannun marubuci Logan Pearsall Smith.

Jela iri biyu

Kafin a je ga *to*, dole a raba jelar gida biyu, don komai a kansa ya rataya. Akwai jela mai jan suna, wadda aikinta ya yi daidai da na *a, ga, daga, da* a Hausa: ba ta tsayawa sai da suna a gabanta. Akwai kuma jela mai zaman kanta, wadda ke iya matsawa ta bar wa suna wuri.

Hanyar ganewa mafi sauƙi ita ce a sa wakilin suna, *it* ko *him* ko *them*. Idan jelar mai zaman kanta ce, wakilin suna dole ya shiga tsakiya: *turn it off, pick them up, call it off.* Ba a cewa *turn off it*, ko kusa. Da cikakken suna kuwa an ba da zaɓi, *turn off the light* da *turn the light off* duk daidai ne, sai dai idan sunan ya yi tsawo, a nan jelar takan manne da aikatau don kada ta ɓace a ƙarshen jimla: *She turned down the job her uncle had found for her in Kaduna.* Idan kuma jelar mai jan suna ce, ba ta motsi ko da wakilin suna: *look after him, rely on them, deal with it.* Kunne ma yana taimakawa. A *put it on* nauyin murya kan *on* yake sauka, a *look at it* kuwa kan *look*.

Akwai masu jela biyu a jere, *put up with, come up with, look forward to, get round to, own up to.* A irin waɗannan, jelar ƙarshe mai jan suna ce a kullum. Wannan ne mabuɗin jimlar da muka fara da ita.

Ƙa'idar ita ce: duk aikataun da ya biyo bayan jela mai jan suna, sai ya sa rigar suna, rigar kuwa ita ce *-ing*. Hausa ma haka take yi. Muna cewa "ya ci gaba da tafiya", ba "ya ci gaba da tafi" ba. Muna cewa "na saba da shan shayi", ba "na saba da sha shayi" ba. Bayan *da* sunan aiki ke zuwa. To *to* ɗin da ke cikin *look forward to* 'yar'uwar wannan *da* ce, ba alamar aikatau tsura ba ce. Shi ya sa ake cewa *hearing*.

Ɗaliban Maraɗi da Damagaram da suka fara da Faransanci sukan faɗa wani rami na daban a daidai nan, domin Faransanci aikatau tsura yake sawa bayan irin waɗannan kalmomi, *sans parler, avant de partir.* Sai su ɗauko tsarin su ce *without to speak, before to leave.* Turanci *without speaking* da *before leaving* kawai ya sani.

Gwajin suna, da inda yake yaudara

Yaya za a gane wace *to* ce a gaba? A cire aikataun da ke biye, a sa suna a gurbinsa. *I look forward to your reply* ta zauna daram, saboda haka *to* mai jan suna ce, aikatau zai ɗauki *-ing*. *I want to your reply* kuwa shirme ce, saboda haka *to* ɗin *want* alamar aikatau ce, *I want to reply.* Da wannan gwaji za a kama sauran 'yan gidan: *She objected to paying twice. He owned up to taking the money. I never got round to replying. They resorted to begging. He has taken to sleeping in the shop. I don't feel up to travelling.* Har da waɗanda ba aikatau ba ne amma hali ɗaya gare su: *with a view to reducing costs, when it comes to cooking, committed to improving.* Wannan ta *with a view to* ta cika takardun gwamnati, kuma sau da yawa da aikatau tsura ake rubuta ta, wanda ba daidai ba ne.

Sai dai gwajin ba waliyyi ba ne, yana da wuraren da yake tuntuɓe. *He came to Kano* daidai ce, amma hakan bai hana *He came to understand the problem* zama daidai ba, domin ma'anar ta canza: ta farko zuwa ce da ƙafa, ta biyu fahimta ce da ta zo sannu a hankali. Haka *We got to Zaria*, mun isa, da *We got to meet the emir*, mun samu damar ganawa. Saboda haka sharaɗin gwajin shi ne ma'anar aikataun ta tsaya yadda take bayan an sa sunan. Ko da wannan sharaɗin ma akwai mai taurin kai guda, *agree*: ana cewa *agree to the plan*, ana kuma cewa *agree to go*, ma'ana kusan ɗaya. Wannan sai dai a riƙe shi a ka.

*Used to* ita ce ta fi kowa cin mutane, kuma masu shirya tambayoyin WAEC da NECO da JAMB sun san haka. Abu biyu ne daban. *I used to drink tea* tana nufin a da nakan sha shayi, yanzu na bari. *To* a nan alamar aikatau ce. *I am used to drinking tea* tana nufin na saba da shan shayi. A gwada da suna, *I am used to the heat*, na saba da zafi, ta zauna. Alamar da za a duba ita ce ko akwai *am, is, are, was, were* ko *get* kafin *used*. In akwai, galibi sabo ake nufi, sai *-ing*. In babu, tsohuwar al'ada ake nufi, sai aikatau tsura. A tambaya da korewa kuma *d* ɗin tana faɗuwa a rubutu na ƙa'ida: *Did you use to live here? I didn't use to like it.*

Jelar da ke yarda da aikatau mai *to*

A ɓangaren jela mai zaman kanta babu ƙa'ida ɗaya mai share kowa, amma akwai zaren da za a bi. Waɗanda ke karɓar suna kai tsaye, *-ing* suke so: *give up smoking, put off paying, keep on asking, carry on working.* Ana iya cewa *give up the job* ko *put off the meeting*, don haka abin da zai cike gurbin sai ya zama mai kamar suna. Waɗanda ke karɓar *to* kuwa kusan duk suna kallon gaba ne, ko niyya ko abin da ya bayyana daga baya: *She set out to prove him wrong*, ta ɗaura niyya, *The rumour turned out to be false*, ashe ƙarya ce, *He grew up to be a judge*, da ya girma alƙali ya zama.

Ga wasu tagwaye da ya kamata a zauna a kansu. *Set out to do* da *set about doing* kusan abu ɗaya suke faɗa, amma na farko ɗaura niyya ne, na biyu kama aikin ne gadan-gadan, kuma ba a musanya musu riga: babu *set about to do* a Turancin yau da kullum, babu *set out doing* da ma'anar niyya. *Turn out to be* da *end up being* duka ƙarshen al'amari suke bayarwa, amma *end up* ba ta taɓa ɗaukar *to*. *We ended up paying for everything* ita ce daidai; *ended up to pay* kuskure ne da ake ji kullum. Bambancin ma'anarsu ma yana da daɗin lura. *Turn out* gaskiya ce da ta fito fili, abin da dama haka yake ba a sani ba. *End up* kuwa inda tafiya ta kai mutum ne, galibi ba inda ya nufa ba.

*Go on* ita ce mai ɗaukar duka biyun, kowanne da ma'anarsa. *The teacher went on explaining the rule* na nufin malamin ya ci gaba da bayanin da yake yi, bai tsaya ba. *The teacher went on to explain the rule* na nufin ya gama wani abu, daga nan ya shiga bayanin ƙa'idar. A tarihin rayuwar mutum ta biyun ake so: *After Barewa College he went on to study law.* Wanda ya rubuta *went on studying law* a nan ya ce dama tun a Barewa shari'a yake karantawa, abin da ba shi ya nufa ba.

Sannan akwai wata *to* ta uku a ma'ana, ko da yake a siffa alamar aikatau ce, wato mai nufin *don* ko *domin*. Ita ba ruwanta da irin aikataun da ke gabanta, tana iya bin kowa: *He sat down to eat. She came in to greet us. He gave up his job to look after his mother.* Ita ce ke raba *He stopped drinking tea*, ya daina shan shayi, da *He stopped to drink tea*, ya tsaya don ya sha shayi. In an ga *to* bayan aikatau mai jela kuma aka iya fassara ta da *don*, to ba jelar ce ta kira ta ba, ita ta kawo kanta. Idan za a kore ta, ba a cewa *not to* tsura a mafi yawan lokuta. *So as not to* ko *in order not to* ake amfani da su: *He left early so as not to miss the bus.*

Idan mutum ya shiga tsakani

Hausa na cewa "ina so in tafi", "ina so ka tafi": aikatau na biyu yana zuwa da nasa wakilin sunan. Turanci kuwa yana sa mutumin a tsakiya ya bi shi da *to*: *I want you to go.* Wasu aikatau masu jela mai jan suna suna bin wannan tsari, jela, sai mutum, sai *to*. Jaridu ba sa kwana ba su yi amfani da shi ba: *The union called on the government to pay the arrears.* Fassararta ta kafafen labarai ma ta bi sawu, "ƙungiyar ta yi kira ga gwamnati da ta biya". Haka *count on him to come, rely on her to finish, appeal to them to stay calm, arrange for someone to meet you.* Nan ƙa'idar *-ing* ba ta karye ba, domin jelar ta riga ta samu sunanta, wato mutumin.

Wadda ta fi kayar da Bahaushe a cikinsu ita ce *wait for*, saboda *jira* ba ta buƙatar kowace jela: "na jira shi ya zo". Sai a ji *I waited him to come.* Dole *for* ta fito, dole *to* ta fito: *I waited for him to come.* A lura kuma da *talk into*. Ma'anarta ɗaya da *persuade*, amma ana cewa *persuaded him to sell* da *talked him into selling*, domin a ta biyun mutumin ya riga jelar zuwa, abin da ke bin *into* kai tsaye aikatau ne.

Turancin ofisoshin Najeriya yana da wata al'ada ta juya riga a wannan wuri: yana cire *to* inda ake buƙatarta, yana sa ta inda ba a so. *To enable him pay his fees* da *allow me go* sun rasa *to*. Daidai su ne *enable him to pay* da *allow me to go.* *It made me to laugh* kuwa ta yi yawa, domin *make* da *let* aikatau tsura suke ja: *made me laugh, let him go.* *See* da *hear* ma haka, *I saw him leave.* *Help* ce kaɗai aka bar wa zaɓi, *help me carry* ko *help me to carry.* Abin mamakin shi ne idan aka juya jimlar aka ɓoye mai aikin, *to* ɗin da aka kora tana dawowa: *He was made to kneel down. She was seen to leave.* *Let* ba ta juyuwa haka, sai a ari *allow*: *He was allowed to go.*

Akwai masu cewa waɗannan ba kurakurai ba ne, Turancin Najeriya ne da ya tsaya da ƙafarsa, kuma maganarsu ba ta rasa tushe ba. A Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Najeriya, ciki har da *Kannywood* da *okada* da *next tomorrow.* Amma karɓar kalma daban, karɓar tsarin jimla daban. Mai duba takardar jarrabawa, ko ta WAEC ko ta IELTS, da jan biro zai bi *enable him pay*, haka ma *cope up with* da *discuss about* da *request for* a matsayin aikatau, waɗanda duk jela ce aka ɗora inda babu gurbinta.

Wani tarko kuma yana cikin tambayoyin neman kalma mai ma'ana mafi kusa. Yawancin aikatau masu jela suna da takwarori na kalma ɗaya da suka shigo daga Faransanci ko Latin, musamman bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066: *put off* da *postpone*, *carry on* da *continue*, *turn down* da *refuse*, *put up with* da *tolerate.* Masu kalma ɗaya sun fi dacewa da rubutun hukuma, masu jela sun fi yawa a baki. Kuskuren shi ne a zaci tunda ma'ana ɗaya ce, abin da ke biye ma ɗaya ne. *Continue* na karɓar duka biyu, *continue to work* da *continue working*, amma *carry on* sai *working.* *Refuse to go* daidai ce, *turn down to go* ba Turanci ba ce, *turn down* suna kawai take ci, *turn down the offer.* *Manage to finish* amma *succeed in finishing.* Duk wanda zai musanya kalma a jimla, sai ya duba abin da ke bayanta ma.

Saura wuri ɗaya da jela ke yawan ɓacewa, wato idan aikatau mai *to* ya zo yana bayanin wani suna. *I have three children to look after. She has nobody to rely on. He is hard to put up with. I need a pen to write with.* Jelar tana rataye a ƙarshen jimla ba kowa a gabanta, mai koyo sai ya ga kamar ta yi saura, ya datse ta, ya ce *a house to live* maimakon *a house to live in.* Sunan da take ja yana nan, gaba kawai ya wuce. Wasu tsofaffin malamai kan ce haramun ne jimla ta ƙare da irin wannan kalma, ra'ayin da ake dangantawa da marubucin Ingila John Dryden tun 1672, amma masana nahawun yau ba su riƙe shi ba, kuma a jimla kamar *hard to put up with* babu ma inda za a kai *with* ɗin.

Irin wannan tsohuwar doka ce ta hana sa wata kalma tsakanin *to* da aikatau, wadda malamin cocin Ingila Henry Alford ya taimaka wajen yaɗawa a 1864. Yau *to fully understand* ko *to more than double* ba sa tayar wa editoci da hankali. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne kada a rikita wannan da raba aikatau da jelarsa: a *I want to call it off* ba a raba komai da *to* ba, *it* ce ta zauna inda dole ta zauna. Kalmar korewa kuwa, a rubutu na ƙa'ida, kafin *to* ake ajiye ta, ko da aikatau mai jela ne ya gabace ta: *He turned out not to be a doctor. She asked us not to give up.*